Rera kari da baki kafin a kaɗa shi a fiyano: yaya ake yi, kuma me yake gyarawa?

Ɗan Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga malamanmu masu koyar da fiyano ne. Ɗalibi ya kai wajen mataki na 4 a jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya. Karatun takarda lafiya lau, yatsu ba sa kuskure, lokaci daidai da metronom, na'urar ƙirga bugu. Amma da ya zo kan kiɗa mai taushi sai ka ji kamar mai ƙirga kuɗi a kasuwa: kowane sauti shi kaɗai, babu wanda ya san ɗan'uwansa. A saman takarda an rubuta kantabile, wato a kaɗa kamar ana waƙa, kuma duk wanda aka tambaya maganarsa ɗaya ce, a sa shi ya rera da baki.

To ya rera me, sau nawa? Kafin ya taɓa maɓalli ko yana cikin kaɗawa? Kuma ta wace hanya abin da maƙogwaro ya koya yake sauka cikin yatsu? Yaron ba mawaƙi ba ne, muryar ma da ƙyar. Abin da ke hannunsa shi ne Minuwet ɗin G na littafin Anna Magdalena Bach, wanda ya daɗe da haddacewa, sannan yana hangen noktan, wato kiɗan dare mai taushi, na Chopin, Op. 9 lamba 2.

Malam Sabon Zongo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. A fara da sanin abin da fiyano ba zai iya ba. A cikinsa 'yar guduma ce take dukan tsirkiya ta koma mazauninta. Daga nan sautin mutuwa yake yi, ko ka ƙara danna maɓallin, ko ka jijjiga yatsa, ba zai ƙaru ba. Ta wannan fuska ɗan'uwan molo ne da kuntigi, ba na goge ba. Mai goge yana iya fara sauti a hankali ya kumbura shi a tsakiya, maƙogwaro ma haka. Mai fiyano abu uku kaɗai ke hannunsa: ƙarfin da zai buɗe kowane sauti da shi, lokacin da zai buɗe shi, da lokacin da zai sake shi. Waƙar fiyano dabara ce ta jera waɗannan ukun har kunne ya ji zare ɗaya a inda a gaskiya dukan guduma ne daki-daki. Wanda bai taɓa jin zaren a bakinsa ba, me zai kwaikwaya?

Shawarar tsohuwa ce. A gabatarwar da Bach ya rubuta wa gajerun darussansa na kaɗawa da ake kira Inbenshan a 1723 ya ce manufar ita ce ɗalibi ya samu salon kaɗawa irin na waƙa. Ɗansa C.P.E. Bach, a littafinsa na 1753 kan kaɗa maɓallai, ya ce a riƙa sauraron ƙwararrun mawaƙa, a kuma rera karin da baki don a gane yadda za a kaɗa shi. Chopin kuwa a Faris tura ɗalibansa yake yi su je su ji mawaƙan opera na Italiya.

Ga yadda za a bi, da Minuwet ɗin. A ɗauki gida huɗu kawai, gida kuwa shi ne abin da ke tsakanin layi biyu na tsaye a takarda. Ya buga sautin farko sau ɗaya don ya kama shi, ya ɗauke hannu, ya tashi tsaye ya juya wa fiyanon baya. Ya rera da solfa, wato do re mi, tun da a nan Gana kusan duk wanda ya wuce ta makarantar da ake waƙa ya san shi: so, do re mi fa, so, do, do, la, fa so la ti, do na sama, do, do. Idan sautin ya yi masa bisa ya sauko oktaf ɗaya, wato daga do zuwa do na ƙasa, ko biyu ma, babu laifi. Gida huɗu na bugu uku-uku bugu 12 ke nan, a gudun 100 a minti daƙiƙa 7 da 'yan kai, numfashi ɗaya ya ishe shi. Sau uku zai rera. A na ukun kai malami kana riƙe da fensir, kana sa alama biyu a takarda: waƙafi a inda ya ja numfashi, da ɗan tauraro a kan sautin da muryarsa ta fi cika. A nan za ka ga tauraron ya faɗa kan G na sama, wato do na sama, a farkon gida na 4, ba tare da kowa ya gaya masa ba. Ka lura kuma da G biyun ƙasa da ke bin sa: baki ba ya iya dukan su, sauka yake yi a kansu a hankali domin iska ta kusa ƙarewa.

Sai ya zauna ya kaɗa hannun dama kaɗai, ba taka feda mai tsawaita sauti, baki a rufe. Nan take za ka ji inda cutar take. G ɗin ƙasan nan babban yatsa ne ke faɗawa a kansu, shi kuwa ya fi sauran nauyi, sai wutsiyar jimlar ta fi kanta ƙara. Ya sake rerawa, ya sake kaɗawa, ɗaya bayan ɗaya, sau biyar ko shida. Minti 10 a rana ya isa, fiye da haka kunne gajiya yake yi ya daina bambancewa.

A wurin waƙafin nan, wuyan hannu ne yake numfashi. Ya ɗaga kaɗan, yatsa ya bar maɓalli a sanyaye, hannu ya sauko kan sabuwar jimla. Lokacin numfashin daga sautin ƙarshe na tsohuwar jimla ake yanko shi, ba daga na farkon sabuwa ba. Idan aka juya wannan, bugu ya karye, sai ka ji kiɗan yana ɗingishi duk bayan gida huɗu.

Abin da ya fi wuya shi ne sautin da ke bin dogon sauti, kuma farkon noktan ɗin ya isa misali. Kari ya tashi daga B-filat ya haura zuwa G, ya zauna a kai tsawon ƙananan bugu huɗu, sannan F. A gudun 108 wannan zaman ya haura daƙiƙa biyu, G ɗin ya riga ya yi rauni sosai. Ɗalibi yakan buga F da ƙarfin da ya buga G, sai ya fito kamar tuntuɓe. Mawaƙi ba ya haka, daga inda muryarsa take yake zarcewa. Maganin: ya buga G, ya rera shi tare yana rage murya daidai da yadda tsirkiya ke mutuwa, sannan ya sa F a daidai ƙarfin da ya rage, ko sama da shi kaɗan. Kuma dole G ɗin ya fara da cika, don a samu abin da zai rage.

Hajiyar Madina ta amsa:

Malam ya gama magana kan tushe. Ƙari ɗaya gare ni, ɗana, kuma shi ne ribar da Bahaushe yake da ita bai sani ba. Solfa yana koyar da hawa da sauka, amma duk gaɓoɓinsa nauyinsu ɗaya, do da re da mi babu babba. Hausa kuwa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, a kansu ne ma aka gina karin rubutacciyar waƙa, ga kuma karin sauti na sama da na ƙasa. Don haka bayan solfa a ɗora wa karin kalmomi.

Gida biyun farko na Minuwet sauti takwas ne: dogo ɗaya, gajeru huɗu, dogaye uku. Gwada wannan: "Zo mu tafi gida, Malam." Zo mai nauyi ce, ta hau dogon sautin farko. Mu, ta, fi, gi huɗun nan marasa nauyi ne, sun hau gajerun suna gudu zuwa da, wadda ta zauna a kan D, wato so, na gida na 2. Malam ya faɗa kan G biyun ƙasa. Yanzu ka ce wa yaron ya faɗi jimlar kamar yana magana da malaminsa. Ba mai hankalin da zai daka wa "Malam" tsawa a ƙarshe, sassauta murya ake yi. Matsalar babban yatsan da Malam ya ambata ta warware da ladabin da yaron ya taso da shi. Gida na 3 da na 4 tafiyarsu iri ɗaya ce, sai ya maimaita jimlar kamar wanda aka ƙi saurara karon farko, da ɗan ƙarin naci.

Sharaɗi biyu ne wajen zaɓen kalmomi. Kada gaɓa marar nauyi ta hau dogon sauti, in ba haka ba zai ja ta ta zama wata kalma. Kuma gwargwadon iko karin sautin kalmar ya bi hawa da saukar kiɗan. Wannan ba baƙon tunani ba ne a Gana. Ephraim Amu a kansa ya tsaya a waƙoƙinsa na Twi da Ewe, cewa kari ya bi muryar magana, Kwabena Nketia kuma ya kai irin wannan tunani kan fiyano. A tarin darussansa 12 da aka buga a 1994 akwai wanda ya gina a kan waƙar aiki ta Builsa. Ɗalibin da ke Accra bai kamata ya wuce su ba.

Sai maganar tambaya da amsa. Gida takwas na farko sun ƙare a kan re, magana ba ta ƙare ba. Takwas na biyu sun ƙare a kan do, an sauke kaya. A Hausa idan kana ba da labari murya gangarowa take yi a hankali har ƙarshen jimla, idan tambaya ce ba ta sauka haka. Ka sa ya rera gida na 8 kamar mai tambaya, na 16 kamar mai amsa, sannan ya nemo bambancin a yatsa. Yawanci abin da zai samu shi ne na 8 ya riƙe shi da ɗan rai, na 16 ya fi taushi.

Ɗan Asawase ya amsa:

Malam, Hajiya, a gafarce ni, zan ɗan ja da baya kaɗan. Rerawa awo ce, ba magani ba ce. Tana nuna inda aka karkace, amma yatsa ba ya warkewa don maƙogwaro ya iya. Akwai masu rerawa da daɗi ƙwarai waɗanda kiɗansu ya bushe ƙamas, saboda an tsallake aikin hannu.

Babban tarkon shi ne rerawa ana cikin kaɗawa. Muryar mutum tana isa kunnensa ta ƙashin kai, ta fi fiyanon kusa, sai ta cike masa duk giɓin da ke tsakanin sautuka. Shi yana jin zare, mai zaune a gefe yana jin tsakuwa. Shahararren makaɗin fiyano Glenn Gould har a faifansa ana jin gurnaninsa, amma shi yatsunsa sun riga sun gama aikin. Ga ɗalibi, ban da gwajin dogon sautin da Malam ya kawo, a raba su: baki, sannan hannu. Akwai tarko na biyu ma: idan ya riga ya haddace kiɗan a karkace, muryarsa za ta kwaikwayi yatsunsa ne, ya rera a yanke-yanke kamar yadda yake kaɗawa. Alamar ita ce ka ji yana sa "h" a gaban kowane sauti, ha-ha-ha. Idan ka ji haka, a ajiye solfa, ya rera da wasali ɗaya, "u" ko "a", iska ba ta tsayawa.

Aikin hannun ga shi. Legato, wato haɗa sautuka ba yankewa, irin na waƙa ba sakin wannan a kama wancan ba ne. Yatsan farko yana zaune a ƙasan maɓalli har sai na biyu ya yi sauti, sannan ya tashi, su haɗu na ƙiftawar ido. A gwada a sikeli, wato jerin do re mi, mai gudun 60, sauti ɗaya a bugu. Idan haɗuwar ta yi tsawo za ka ji sautuka maƙwabta suna cizon juna, idan babu ita za ka ji rami. Nauyin kuma daga hannu yake zuwa, yana tafiya daga yatsa zuwa yatsa kamar mai tafiya yana sauya ƙafa, yatsa na manne da maɓalli kafin ya danna. Wanda ya ɗaga yatsa sama ya sauko da shi, duka zai samu.

Na biyu, hannun hagu. A waƙar baka ba a barin 'yan amshi da makaɗa su danne jagora. A noktan ɗin hagu yana da sauti ɗaya na ƙasa da dunƙule biyu a kowane rukuni na uku, kuma dunƙulen sautuka biyu ko uku ne da ake bugawa tare a tsakiyar fiyano, inda sauti ya fi daɗewa, alhali karin sauti ɗaya ne tal a sama, inda ya fi saurin mutuwa. Idan aka ba su ƙarfi ɗaya, hagu ya ci. Darasin: dama yana kaɗawa da cika, hagu yana taɓa maɓallansa ba tare da sun yi sauti ba. Bayan sau uku a bar shi ya fara fitowa kamar raɗa. A nan rerawa tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: ya kaɗa hagu kaɗai yana rera karin da murya ƙasa-ƙasa. Duk inda ya ji dole ya ɗaga murya don a ji shi, hagu ya yi yawa.

Feda a ƙarshe take zuwa, bayan yatsu sun iya haɗawa su kaɗai. Ƙafa tana tashi daidai lokacin da sabon sautin ƙasa ya buga, ta koma bayansa nan da nan. Wanda ya taka tare da hannu zai kama jelar tsohon dunƙule ya cakuɗa.

Sai rubato, wato ɗan ja da sakin lokaci, inda ake yawan ɓata. Tsallen B-filat zuwa G tazarar sauti shida ce, maƙogwaro yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya kai, yatsa kuwa ba ya buƙata, shi ya sa a fiyano tsallen yake fita ba daraja. A ba shi wannan ɗan lokacin, amma kaɗan ƙwarai. Mozart a wasiƙarsa ga mahaifinsa a 1777 ya ce hagu yana riƙe lokaci ne dama yana sassautawa, ɗaliban Chopin ma haka suka ruwaito daga gare shi. Idan kowane tsalle sai an tsaya masa, ya zama shagwaɓa.

Kuma gaskiya noktan ɗin ya yi wa mai mataki na 4 wuri.

Ɗan Nima ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, Yaya. Saura biyu. A gida kibod gare shi mai maɓalli 61, fiyanon katako sai ranar darasi. Gidan kuma na haya ne mai ɗakuna da yawa, kunyar ɗaga murya yake yi. Sannan in noktan ya yi wuri, me zai riƙe kafin nan?

Malam Sabon Zongo ya amsa:

A fara gwada kibod ɗin. Danna maɓalli ɗaya a hankali, sake danna shi da ƙarfi. Idan sautin bai canza ba, duba ko akwai wurin kunna jin taɓi, a wasu kashe shi aka yi. Idan babu sam, ba zai koyi hawa da saukar ƙarfi a kansa ba, wannan sai ranar darasi, kuma in za a saya nan gaba a nemi mai maɓalli 88 masu nauyi. Amma yana da amfani ɗaya da fiyanon katako ba shi da shi. A sauya muryarsa zuwa ta ogan, wadda ba ta mutuwa muddin yatsa na ƙasa. Duk ramin da ke tsakanin sautuka da duk cakuɗuwar da ɗan'uwanmu na Asawase ya bayyana za su fito fili, ba inda za su ɓuya. Numfashin wuyan hannu ma a nan ake auna tsawonsa.

Kunya kuwa ba hujja ba ce, domin ba ƙara ake nema ba. Baki a rufe, "mmm", haƙora a ɗan buɗe, ya wadatar wajen gane numfashi da ƙololuwar jimla, maƙwabci ba zai ji ba. Ranar da aka ɗauke wuta ma ranar rerawa ce, takarda da fensir kawai. Kuma ko ba don wannan ba zai rera, tun da gwajin kunne na ABRSM a matakin nan yana da rera sautuka daga takarda. Da hunturu ya sha ruwa kafin ya fara, kada ya tilasta sautin sama a busasshen maƙogwaro.

Idan zai ɗauki kansa a waya, ya ɗauki rerawar da kaɗawar a jere, ya saurara yana bin takarda. A ajiye wayar kamar taku biyu ko uku daga fiyano, ba a kansa ba. A sani kuma wayoyi da yawa suna daidaita ƙarar da kansu, su ɗaga mai taushi su danne mai ƙarfi, don haka a yarda da ita kan lokaci da legato, a yi hattara da ita kan ƙarfi.

Wani abu kan fiyanon katakon: da damina danshin Accra yana kumbura ƙyallen da ke cikin maɓallai su riƙa makalewa, maɓallin da ba ya tashi da wuri kuwa yana ɓata legato ba laifin yaro. Hunturu kuma yakan sauke sautin. Saboda haka ya kama sautin farko daga fiyanon da zai kaɗa, ba daga manhajar waya ba.

Hajiyar Madina ta ƙara:

Kan abin da zai riƙe: lamba 1 a kundin yara na Schumann, Op. 68 na 1848. Jimlolin gajeru ne, duk suna cikin abin da murya ke kaiwa, hagu kuma yana tafiya ba tsayawa, wurin koyon sassauta shi ke nan. Bayansa masu taushin cikin darussa 25 na Burgmüller, Op. 100. Idan waɗannan sun zauna, sai waƙar jirgin ruwan Benis ta Mendelssohn, Op. 19 lamba 6, a G ƙarami. Bugunta shida-shida ne, hagu yana lilo da sautin ƙasa da dunƙule kusan irin na noktan, amma ba ta da kwalliyar sautuka masu gudu da Chopin ya zuba. Wahalarta ita ce dama yana riƙe sauti biyu a wurare da yawa, na saman ne kari, kuma yana faɗawa kan yatsa na 4 da na 5 masu rauni. Ya rera na saman yana kaɗa na ƙasan, ya juya, sannan ya karkata nauyin hannu wajen ƙaramin yatsa.

Gida biyun farko na noktan ɗin dai a bar masa su, hannun dama kaɗai, minti biyu a ƙarshen kowane zama, don darasin G da F ɗin nan.